Hannun Hagun Baban Kamal

Bron, watan Maris

Yaya Maimuna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya sanyin Paris? Yaya ƙafar taki? Ki gaida mini ɗana Kamal, ki ce ya maida hankali ga karatu, mu nan muna lallaɓawa.

Wasiƙa na rubuto saboda gidan nan ƙarami ne, duk abin da na faɗa a waya Baban Kamal na ji. Jikin da sauƙi. Yana takawa da sanda, bakin ma ya miƙe, sai dai hannun hagun nan da ciwon ya shanye har yau kofi ba ya riƙewa. Ni ke yi masa wanka in sa masa riga kafin in kama jirgin tram zuwa kantin abinci na jami'a, in wuni tsaye kan tukwane, in dawo in tarar da shi inda na bar shi, yana kallon bango.

Pascal, mai yi masa gashin hannu, ya zo da wani sabon abu. Shi mai son kamun kifi ne a bakin teku, inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Ba sa sa tana a ƙugiya. Gashin tsuntsu suke ɗaura mata har ta yi kama da jatan lande, a wurga da doguwar sanda, a riƙa jawo igiyar da hannun hagu kaɗan-kaɗan. Ya ce jan nan shi hannun ke buƙata. Ranar Lahadi ya kai mu filin Parilly. Yaya, mutumin Damagaram da bai san ruwa ba sai na tafki, ga shi yana wurga fatsa kan ciyawa, Turawa na wucewa suna kallo. Ni dai benci na samu na zauna.

Taki,
Hamdiya

Bron, watan Yuni

Yaya Maimuna,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku. Na ga saƙon yaji da kuka, Allah Ya saka da alheri.

Maganar da kuka yi da ƴan'uwansa ta iso ni, cewa a maida shi gida su kula da shi, ni in huta. Na ce miki a'a a waya don yana kusa. Gaskiyar ita ce tun ranar nake juya ta a raina.

Gidan ya cika da gashin zakara. A cikin miya nake tsintarsa. Teburin cin abinci ya zama na ɗaura ƙugiya, ya danne zare da hannun da ba ya jin magana, abin ya kwance, ya sake. In ya kwance sau da yawa sai ya kira ni in riƙe masa, ko da hannuna na cikin wanke-wanke. Makon jiya ƙugiya ta shige mini tafin ƙafa. Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa ba tun aurenmu. Na ce shi ya samu abin wasa, ni ko bacci ban samu ba. Ya tattara kayan da hannu ɗaya ya zuba a kwali, ya koma kallon bangonsa. Sai da ya kwana biyu a haka, ni da kaina na sauko da kwalin.

Yanzu Pascal ya ce zai kai shi teku, can kudu, in zafi ya ragu. Likita ya yarda, da sharaɗin wani ya tsaya kusa da shi. Kin san ko wane ne wanin. Hutuna na shekara ke nan zai tafi a tsaye cikin ruwa. Ki ce wa ƴan'uwansa su ba ni zuwa bayan tafiyar.

Ƙanwarki,
Hamdiya

Bron, watan Satumba

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gida duka. Mun je mun dawo lafiya.

Wurin ba kamar tekun talabijin ba ne. Ruwa ne shimfiɗe, shiru, kana ganin yashin ƙasa, iska na ɗan kaɗawa. Aka sa mana wandon roba har ƙirji, ni da zanena a cuse ciki. Na riƙe bel ɗin Baban Kamal ta baya, muka riƙa jan ƙafa a hankali don kada kifin ya ji mu. Pascal ya nuna wasu inuwoyi suna yawo, ni ban ga komai ba. Baban Kamal ya wurga, iska ta dawo da igiyar ta naɗe mu. Ya sake, ta faɗi gabansa. Haka muka yi har bayana ya fara ciwo.

Can sai ya ce, ba tare da ya juyo ba: "Hamdiya, sake ni. Je ki zauna." Na ce zai faɗi. Ya ce in ya faɗi, ruwan iyakar gwiwa ne. Pascal ya gyaɗa mini kai, ya matso. Na fita, na shimfiɗa mayafi a inuwar mota don in riƙa kallonsu. Ban san sanda bacci ya ɗauke ni ba.

Da na farka rana ta karkata. Yana zaune gefena, jiƙe sharkaf, ya faɗi ɗin kuwa. Ya buɗe mini tafin hannun hagu, ga jan layi inda igiya ta ƙone shi. Kifi ya kama, babba, ya ja, yatsun suka riƙe na ɗan lokaci kafin su saki, kifin ya tafi da ƙugiyar. Ya ce ya ji zafin. Yaya, rabon hannun nan da jin wani abu tun ranar da ya faɗi a wurin aiki. Ya so ya tashe ni ya nuna mini, sai ya ga yadda nake bacci, ya hana Pascal ko buɗe ƙofar mota.

Ki faɗa wa ƴan'uwansa na gode, amma ba za shi ba. Sai dai kada ki ɗauka gajiyar ta tafi. Jiya a tram na wuce tashata ina gyangyaɗi. Ki nemi izinin Alhaji ki zo mana ko na mako guda ne. Baban Kamal zai iya zama da gashin zakarunsa. Ni ce nake son a dafa mini, a ce in kwanta.

Ina jiran amsarki.

Taki har kullum,
Hamdiya