Kada a Ba Motar Maigidana Lodi

Zuwa ga Shugaban direbobin ƙananan motoci masu bin hanyar Jega, Aliero da Maiyama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, ina gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifinta, da fatan kana lafiya, kai da iyali da jama'ar tasha. Ni ce Hauwa'u, matar direbanku da kuke kira Na-Makera, wanda kai da kanka ka koya wa riƙe sitiyari. Ban taɓa zaton zan rubuta wa dattijo wasiƙa a bainar jama'a ba. Na tura ƙanen mahaifina wurinka, aka ce kana taro. Ya koma, aka ce masa maganar mota ba ta mata ba ce. Ga ranar kasuwa ta matso, ranar da aka ce za ka mayar da motarsa layi bayan aikin da aka yi mata. Shi ya sa na fito fili. Roƙona shi ne kada ka ba motar nan lodi a halin da take.

Na ɗaya, ranka ya daɗe, daga tasharka abin ya faro. A da layi zagayawa yake yi, kowa ya san wanda yake bi, ko ya dawo da wuri ko ya makara. Bayan ƙaramar Sallah kuka sauya: wanda ya riga shigowa shi ne zai riga lodi. Mai ya yi tsada, fasinja sun ragu, sai kowa ya ga abincin gidansa yana ƙarƙashin totur. Maigidana ya yi ta dawowa da la'asar ba ya ko kallon tuwo, saboda wani ya wuce shi a hanya ya cinye masa sawu. Mutumin da yake rage gudu idan ya ga kaza a titi, shi ne ya fara tambayar inda ake samun babban inji da araha.

Na biyu, yadda aka haɗa injin. Na sani domin a zauren gidanmu, a Jega Magaji, aka riƙa tara kayan kafin a kai gareji, ni nake tsallake su kullum. Motar mai silinda huɗu ce. Bakanikensa, Oga Tukur, ya samo masa mai silinda shida wurin 'yan gwangwan, daga motar wani attajiri da ta yi hatsari. Arahar ba ta alheri ba ce: duk garin an san mai motar bai fita da rai ba, babu wanda ya so injin. Da aka zo sawa bai shiga ba, sai aka yanke ƙarfen gaban motar aka yi walda. Kujerun da inji yake zama a kansu ba su dace ba, aka yanko robar tsohuwar tayar babbar mota aka cusa. Kuɗin famfon mai ya gagara, aka fasa salansa aka ciro abin cikinta da ake kira indomi aka sayar. Yanzu idan ya tayar da ita kwanukan da na jera a ɗaki har kaɗawa suke yi. Lagireto kuwa tsohon ne, ƙarami, an dai ɗaure fanka tana juyawa ba tsayawa.

Ban ce Oga Tukur bai iya aiki ba. Injin yana tashi bugu ɗaya, kuma yana gudu. Gudun ne ya hana ni barci.

Na uku, abin da ba a taɓa ba. Birkin nan na tsohon injin ne. Tayoyin gaba Beljiyam ne da suka shekara, ɗaya har zare ya leƙo. Gaban motar ya sunkuya saboda nauyi kamar raƙumi zai durƙusa. Man birki yana yoyo, kuma da idona na ga an jiƙa garin sabulu a gora an ɗura a madadinsa. Na tambaya, maigidana ya ce a hankali za a yi, inji tukuna, idan ya fara kawo kuɗi sai a sayi sauran. Oga Tukur kuwa dariya ya yi mini daga bakin zaure, ya ce, "Amarya, birki na matsorata na. Koma ga littafinki." Na koma ga littafina, amma tunani ya hana ni juya shafi: babban inji ya fi shan mai, shan mai yana neman ƙarin sawu, ƙarin sawu yana neman ƙarin gudu. A wace rana ce kuɗin birki zai rage?

Na huɗu, na shiga motar. Satin jiya ya je ɗauko ni daga wurin mahaifiyata a Jiga Makera, mu biyu kawai, babu kaya. Ni mai yawan karance-karancen littattafan soyayya ce, kuma tun ina budurwa nake kwatanta kaina a gaban mota kusa da mijina, iska tana kaɗa mayafina, gonakin albasa suna wucewa. Ranar na samu abin da nake mafarki, ban ji daɗinsa ba. Na duba maleji in ga gudun da muke yi, sai na ga allurar kwance ba ta motsi. Wayarta ba ta dace da sabon giyabos ba, aka bar ta a tsinke. Shi kansa bai san gudun da yake yi ba, kunnensa kawai yake bi.

Wajen Kashin Zama wata amalanken shanu ɗauke da buhunan albasa ta hau titi, can nesa, nesan da ko mai keke zai tsaya ya gaisa. Maigidana ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ya ɗaga ya sake takawa, ya yi ta bugawa kamar mai famfon rijiya. Ta gefen titi muka bi, na ga farin idon ɗaya daga cikin shanun dab da gilashina. Da muka tsaya, amalanken ta koma ƙarama a bayanmu, wari kamar na ƙonannen gashi ya cika motar. Abin da maigidana ya fara cewa shi ne kada in gaya wa Inna, mahaifiyarsa.

Wannan fa mota ce babu kowa a baya, Baba. Ranar kasuwa za a zuba mutum shida, da buhuna a but, da awaki a sama.

Na biyar, yabon da ake yi masa ya fi komai ba ni tsoro. 'Yan kamasho sun sa wa motar suna Walƙiya, har sun fara gwada kiran da za su yi: "Maiyama kahin shayi shi huce!" Direbobi suna zagaye ta suna leƙa inji, an ce wasu biyu sun riga sun kai nasu garejin. A littattafan da nake karantawa, duk sa'ad da marubuciya ta sa kowa ya fara yabon mutum, yana dariya, yana yi wa matarsa alkawura, gabana faɗuwa yake yi, don na san abin da take shirya masa a babi na gaba. A can ina iya rufe littafin in tashi in ɗora girki. Nan babu abin da zan rufe.

Don haka ina roƙonka, don Allah da darajar furfurarka. Ka hana motar nan lodi sai an sauya birki da tayoyi, an ɗura man birki na gaskiya, maleji ya tashi, kuma wanda zai duba kada ya zama wanda ya haɗa. Ka mayar da layi yadda yake a da, domin muddin wanda ya riga shigowa ne mai ci, ko ka hana wannan wata za ta fito. Kuma ka kira maigidana ka yi masa magana a keɓe. Ni ya ji nawa ya yi shiru, kai ba zai iya haɗa ido da kai ya ce a'a ba.

Na san zai yi fushi da ya ji wasiƙar nan, wataƙila har a kira iyayena. Na yarda. Fushin mai rai ana lallashinsa.

Idan kuma ka ga maganata ba ta isa ba, to ka sa ido a kujerar gaba ranar kasuwa. Zan zo da sassafe da mayafina, in biya kamar kowa, in zauna kusa da shi a sawun farko da na biyu da duk wanda zai yi. Kai ne za ka ɗaga hannu ka ce mu tafi.

Allah Ya ƙara maka lafiya da adalci, Ya raba hannunka da alhakin rai, Ya tsare duk wanda ya hau hanya, Ya dawo da kowa gidansa da ƙafarsa.

Wassalam.

'Yarka,
Hauwa'u, matar Na-Makera,
Jega Magaji.