Kyamarar da Ba Ta Jin Sanyi

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya 'yarmu mai jego, yaya ɗan baƙon namu? An ce hancina ya ɗebo, Allah dai ya sa bai haɗa da halina ba. Yaya ƙafar taki? Mu nan lafiya lau, sai kewa, sai hawan jinina da Auta take gadi kamar ɗan sanda.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya. Kin san kunnena, in na ɗauki waya sai na yi ihu har maƙwabta su ji. Maganar nan kuwa ba ta ihu ba ce, shi ya sa na ba direban motar safe ya kawo miki.

Auta ce ta same ni ran nan, ta ce ta ɗauki hutu a asibiti, za su je bakin teku buɗe ido da abokan aikinta. Wai in zaɓa mata ƙaramar kyamara mai fim, wadda za ta shiga aljihun jaka. Mai fim fa, Malama! Na ce ina wayarki mai ɗauko har ƙurajen fuska? Ta ce hoton waya ba ya zama, ita a ɗakin duhuna na wanke hoto ta girma, abin da za ta riƙe a hannu take so. Ba zan ɓoye miki ba, kaina ya kumbura. Tun da na rufe shago ba wanda ya sake tambayata komai a kan hoto. Na ciro tsohuwar tawa daga saman kabad, sai na tarar fumfuna ta cinye gilashinta, ga nauyi kamar tubali.

Muka tafi wurin Dogo, mai tsofaffin kyamarori a saman benen masu gyaran agogo. Kin san ban taɓa yarda da shi ba, mutum ne da zai sayar maka da makauniyar kyamara ya rantse barci take. Ya jera mana guda uku. Ta farko mai hanci ce, in ka kunna ta gilashin ya yi ta fitowa yana gurnani. Na buɗe gidan batirinta na ga ya yi kore, na ture ta. Ta biyu baƙa ce sumul kamar sabulu, murfinta ake ja gefe, ita ke auna haske da nisa da kanta, kai dai ka danna. Ta uku ta ƙarfe ce, ba ruwanta da batir, amma komai da hannu za ka saita. Na buɗe bayan kowacce na ɗaga ta sama ina leƙen gilashi, na shafa soson gefen murfi ko ya narke, na kara a kunnena mai ɗan dama ina jin ƙyaftawarta. Na ce baƙar nan ita ce ta matafiyi.

To a nan ne fa Auta ta fara tambayoyi. Wai batir yana mutuwa in sanyi ya yi tsanani? Wai maɓallin zai dannu in mutum na sanye da safar hannu? Wai na'urar duba kaya ta filin jirgi tana ƙona fim? Wai ana samun irin fim ɗin nan a kowace ƙasa? Dogo yana ta zuba amsa, ni ina kallonta. Safar hannu a bakin teku, Malama?

Na karɓo baƙar a kan za mu gwada fim ɗaya kafin a yi ciniki. A hanya na tambaye ta su wa za su tafi, ta ce ban san su ba. Watakila tsufa ne ya sa nake ganin ƙura inda babu. Ke kika fi sanin cikinta, ki gaya min abin da kika gani.

Ki gaida mai jego da maigidanta.

Naki,
Mai Hoto

*

Malama,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, jariri kuma ya rage kukan da kika ce. Amsarki ta iso, na gode. Sai dai layi uku ne, biyu daga ciki a kan shan magani. Na ukun kika ce in bar yarinya ta sha iska. Ke da in na tambaye ki ina makullina sai kin ba ni tarihin ƙofar, yau kin koma mai gajerar magana?

Abin ya ƙaru. Na sa mata fim mai hoto talatin da shida, na ce ta fita gari ta ɗauki rana da inuwa da abu mai motsi, don mu ga lafiyar kyamarar. Ban ga ta fita ba. Ina zaune ina jin rediyo sai in ji ƙyas a bayana. Na gan ta tsugune gaban keken ɗinkinki. Na gan ta tana ɗaukar bakin ƙofa, wurin da muke zana tsawonsu da biro suna yara. Da na ce wannan ɓarnar fim ce, sai ta yi dariya ta ce ai gwaji ne. Ranar Asabar kuma ta ce an riƙe ta aiki, ta fita tun asuba da kyamarar a jaka, ba ta dawo ba sai magariba, takalminta duk jar ƙasa. Asibitin nan kwalta ce har ƙofa.

Shekaranjiya na je kantin magani na ci karo da Sista Babba, shugabarsu. Bayan mun gaisa ta ce, “Baba, ai za mu yi kewarta.” Na ce kewar hutu? Sai ta hau gyaran mayafi, ta ce eh, hutun ma ai kewa ne, ta wuce ba ta karɓi maganin da ta zo saya ba. Mai kantin kuma, ban tambaye shi ba, ya ce nan gaba kaɗan shi zai riƙa zuwa gida yana auna min jini, an riga an yi magana. Na ce wa ya yi maganar? Ya ce shi dai an yi magana.

Na fara zargin namiji ne. Na bi duk wanda na sani da ido, har sabon likitan nan mai gaishe ni da hannu biyu. Amma mai shirin aure ba ta tambayar safar hannu. Sai zuciyata ta koma kan maganar bara, da ta ce ana neman ma'aikatan jinya a ƙasashen sanyi, na ce muddin ina numfashi babu inda za ta. Kin san dalilina. Ƙanina haka ya tafi, da murmushi da alkawarin shekara biyu, har yau ban san da wace fuska waɗanda suka binne shi suke ba. Tun ranar ba ta sake ta da zancen ba, ni kuma na ɗauka ya mutu. Yanzu ina ganin kwanciya ya yi.

Ban tunkare ta ba. Ina tsoron in tambaya ta yi min ƙarya, ina kuma tsoron ta faɗi gaskiya. Ta kai fim ɗin wanki wurin abokina, shi kaɗai ya rage mai wanke fim a garin nan, ta ce ita za ta karɓo. Zan riga ta.

Don Allah wannan karon ki cika takarda.

Mijinki,
Mai Hoto

*

Malama,

Ina gaisuwa. Ina fata kina lafiya, don ina so ki karanta wannan da idonki biyu.

Na karɓo hotuna. Kyamarar lafiyarta ƙalau, haske bai shiga ta ko'ina ba, baƙi ya yi baƙi, fari ya yi fari. Dogo ya faɗi gaskiya sau ɗaya a rayuwarsa.

Ga kujerata, ga ni ina gyangyaɗi baki buɗe, ga keken ɗinki, ga ƙofa, ga itaciyar tsakar gida ta kowane gefe. Duk na haɗiye. Sai na zo kan na ƙarshe-ƙarshe. Ɗaki ne mai labule shuɗi, na san shi, ni na kafa ƙarfen labulen. Mai jego na zaune bakin gado da jariri. A ƙasa ga wani ƙaton akwati sabo a buɗe. A gefensa ga wata baiwar Allah da tabarau a kan hanci tana ninke rigar sanyi mai kauri, irin wadda ko a mafarki ba a sa ta a garin nan. Tana dariya har ana ganin wushiryarta.

Shekara nawa ina ɗaukar fuskar nan, Malama? Ko a nagatif, baƙi ya koma fari, zan gane ta.

Ashe aikin ranar Asabar a gidan yayarta aka yi shi. Ashe ni kaɗai ne baƙo a gidana. Ina nan ina rubuto miki zargina kamar wawa, ina cewa ki taya ni dubawa, ashe ɓarawon na ba ajiyar sanda. Ke da 'ya'yanki da Sista Babba da mai kantin magani duk kun sani. Direban da ke kai wasiƙun nan ma ban cire shi ba.

Ba ni da abin da zan ƙara yau.

Mai Hoto

*

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mai jego da ɗan baƙo. Yaya ƙafar? Kiranki duk na gani, da gangan ban ɗauka ba. Doguwar wasiƙarki ma ta zo, a ƙarshe dai kin cika takarda. Kin ce kin ji tsoron jinina ne. Za mu zo kan wannan.

Ran da na aiko miki waccan takardar, na baje hotunan a kan tebur na zauna jiran Auta. Ta shigo da la'asar da kayan aiki a jikinta, ta gan su, ta ajiye jaka a hankali. Na ɗauka za ta rikice. Ko kaɗan. Ta durƙusa gefen kujerata ta ce, “Baba, na san kai za ka karɓo. Ka taɓa barin wani ya riga ka ganin fim?”

Na ce wato tarko kika ɗana min. Ta ce ba tarko ba ne, baki ne ya gagara. Sau da yawa tana zuwa da maganar, in ta ga fuskata sai ta ɗauko abin awon jini a maimakonta. Ta ce an ɗauke ta aikin, takardu sun fito, tafiyar ƙarshen watan gobe ce. Na ce to tunda an gama komai, me ake nema wurina? Ta ce, “Tikiti ne kawai ban saya ba. In ka ce a'a, ba zan saya ba. Amma ba zan ce maka ba zan ji ciwo ba.”

Malama, da ta yi min rashin kunya da na samu abin kamawa. Na yi faɗa dai. Na ambaci ƙanina, na ambaci tsufanmu, na ce wanda ya tafi ba ya dawowa yadda ya tafi. Ba ta musa ko ɗaya ba. Ta ce ita ma tana tsoro, shi ya sa take son gidan nan a takarda, ta manna a bangon duk ɗakin da ta samu kanta. Na tashi na shige ɗaki na bar ta a durƙushe. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu, amma ko sau ɗaya ba ta fasa ɗaura min abin awon nan a dantse ba. Tana matsawa, ina kallon bango.

Jiya da safe na sa baƙar kyamarar a aljihu na hau benen Dogo. Niyyata in mayar masa in ce an fasa. Ina tsaye yana ta surutu, sai na ji bakina yana cewa ya miƙo ta ƙarfen. Sanyi yana kashe batir, ita kuwa wannan babu abin da zai mutu a cikinta, kuma ƙarfen da ake jan fim da shi babba ne, ko da safar hannu zai jawu. Na sa ya canza soson murfin a gabana, don har yanzu ban yarda da shi ba.

Da ta dawo aiki na ajiye mata a kan cinya. Na ce wannan ba ta yi wa mutum tunani, sai ta koyi auna haske da ido, kuma ba a koyonsa a kwana ɗaya, don haka kullum da yamma za mu fita. Na ce in ta shigo ɗaki mai ɗumi daga cikin sanyi, kada ta ciro ta daga jaka nan take, gilashin zai yi gumi. A filin jirgi ta roƙi a duba fim da hannu. Ta riƙe kyamarar tana kallona, ta ce, “Baba, wannan eh ce?” Na ce ni bayanin kyamara nake yi. Sai ta kifa kai a gwiwata tana kuka, ni kuma na ci gaba da bayanin, don in na tsaya ban san abin da zai fito ba.

Kada ki ɗauka kin tsira. Ita yarinya ce, ta ji tsoron ubanta. Ke fa? Da kin gaya min tun farko, da na yi faɗan tun farko, da yanzu mun daɗe muna fita da yamma ni da ita. Waɗannan kwanakin da kuka ci min ba mai mayar min da su. Faɗanmu yana nan, amma ba na takarda ba ne, sai kin zo.

Mai jego ta yi ƙwari, dangin mijinta na kusa. Ki biyo motar ranar Laraba, zan tsaya a tasha. Kuma ki taho da akwatin nan. Ku daina ɓoye shi a gidan mutane. In 'yata za ta tafi, daga ɗakinta za a fito da kayanta, ta ƙofar gidan ubanta, da rana tsaka, ni zan riƙe mata hannu ɗaya na akwatin.

Allah ya kawo ki lafiya.

Mijinki, mai fushi da ke har yanzu,
Mai Hoto