Bishiyoyin Baba Sittin, Ashe Guda Ɗaya Ce

Malama mai wannan fili na ba da shawara, a taimaka mini da shawara kafin fure ya wuce, mako uku ya rage mini.

Dashe nake sayarwa a bakin kasuwa. Na iya karantar fuskar mai saye tun daga nesa, amma wannan magana ta fi ƙarfin wayona. Mahaifinmu ya bar mana, ni da Yaya, lambu mai ɗauke da wata bishiya da ake samun ƙaron turare a jikinta. A daji ta kusa ƙarewa. Baba ya taho da reshenta ne daga wata tafiya, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Daga nan muka riƙa yankan reshen wadda ta fi kyau muna dasawa, har suka kai sittin. Ni kuwa dama sana'ata ce sa mai kyau a gaba, a tura mummuna bayan rumfa.

Shekara huɗu ke nan zafi na ƙaruwa, ruwa na makara. Sha tara sun bushe, duka iri ɗaya, daga sama zuwa ƙasa. Ɗiyar Yaya, wadda ke aiki a ɗakin gwaje-gwajen tsirrai, ta tsinki ganye ta tafi da su. Ta dawo ta shaida mini wai ƙwayoyin gadonsu ɗaya ne sak. Wato duk shekarun nan bishiya guda muke ta maimaitawa, abin da ya kashe ɗaya zai kashe duka. Na ji kunya, don na sha rantse wa masu saye cewa kowane dashe da uwarsa daban.

Ɗaya ce ta fita daban, wata karkatacciya a bayan rijiya da ta tsiro da kanta daga iri. Har gatari na wasa mata. Ita ce ko ganye ba ta zubar ba.

Yanzu yarinyar na son ta kawo ƙurar fure daga 'yan uwan bishiyar da ke wani yanki mai tsananin zafi, a yi wa namu barbara, a gwada 'ya'yan tun suna ƙanana a ware masu jure zafi. Yaya ya ce ba a lambun ubansa ba, ba za a gurɓata masa zuri'a ba. Sai ta zagayo wajena, ni Baffanta, don makullin lambun na hannuna. Gaskiya ina son in ga abin da zai fito, har na fara leƙa littattafanta. To in an haɗa, bishiyar da za ta fito jikar ta Baba ce ko baƙuwa? Ƙanshin zai tsira? In buɗe wa yarinyar lambun a ɓoye?

Mai Dashe

Malam Mai Dashe, sannu da ƙoƙari. Kada ka ba da makullin a ɓoye. Lambun na ku biyu ne, kuma idan Yaya ya gano, 'yarsa ce za ta fi kowa shan wuya.

Tsoronsa ba shirme ba ne. Haɗin zai iya rage ƙanshi, zai iya ba da 'ya'yan da ba su dace da ƙasarku ba, kuma sai an yi shekaru kafin a tabbatar. Ka sa yarinyar ta faɗa masa haka da bakinta, ba ado. Ta kuma bayyana masa cewa ba wani abu za a cusa wa bishiyar ba. Barbara ce irin wadda ƙudan zuma ke yi kullum, gwajin kawai yana nuna wanda ya gaji juriya. Amma barin lambun yadda yake shi ma zaɓi ne, kuma kun riga kun ga sakamakonsa sau sha tara.

Ku raba. A gwada a bishiya biyar na gefe guda, a ɗaure furanninsu da jaka, a rataya musu alama, sauran su zauna yadda Baba ya bar su. A tara irin karkatacciyar a shuka, wannan ko Yaya ba zai kira ta bare ba. Masu sayenka kuma ka fara gaya musu gaskiya.

Batun baƙunta, ka sake karanta wasiƙarka. A buhu bishiyar ta iso gidanku, Baba bai tambayi asalinta ba, ruwa ya ba ta. Ka tuna wa Yaya wannan, ba a ɗaki ba, a lambu, ku tsaya tsakanin busassun da karkatacciyar ya gani da idonsa. In ya amince, shi zai miƙa wa 'yarsa makullin. In ya ƙi, kana da irin bayan rijiya, bana ba ta tafi a banza ba.

Gatarin dai a mayar da shi ɗaki. Allah ya raya lambu, ya bar zumunci.