Koriyar Tawadar Yaya Sani

Malaz, Riyad.

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Binta,

Bayan sallama, ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Yaya ƙafar taki?

Kin san tun muna karatu a Amurka ni da marigayi Yaya Sani muke bin ƙungiyarmu ta besbol, wasan ƙwallon da ake bugawa da sanda, muna rubuta sakamakon kowane wasa a littafi, da sunayen waɗanda suka kalla a saman shafi. Shekara shida ke nan sunana kaɗai nake sawa.

Ranar Talata ina kallon maimaicin wasa, ana zagaye na bakwai cikin tara, aka kira la'asar. Na kulle ɗakina na sauka masallaci. Da na dawo, sai na tarar an cike sauran zagaye biyun daidai a littafin, da koriyar tawada, da rubutun Yaya Sani. Ni kuwa ban taɓa mallakar koren biro ba.

A shafi na gaba an sa kwanan watan Juma'ar nan, da sunaye biyu, nasa da nawa.

Ban gaya wa ɗana Aminu ba, don asibiti zai kai ni. Ki gai da kowa, ki sa a yi mini addu'a. In na taɓa ɓata miki, ki yafe mini kafin Juma'a.

Yayanki,
Bello