Ramin da Auta Ta Rufe

Litinin, 3 ga Fabrairu

Mahauci ya sake leƙowa, wai gaisuwa. Bakinsa na gaishe ni, idonsa na kan haƙarƙarin Fara. Ita kaɗai ta rage mini cikin shanuna, ga ciki ga rama. Busasshen karan shinkafa muke ba ta, tana tauna kamar mai cin tabarma, ba ya kama jikinta. Uwar yara ta ce, "Malam, ka sayar tun tana tsaye." Na ce a ba ni zuwa ƙarshen watan gobe. Wallahi ba na son rabuwa da ita.

Talata, 4 ga Fabrairu

Auta ta zo hutu daga makarantar koyon noma da sabon salo. Wai a narka takin zamani, farin nan yuriya, a ruwa, a yayyafa wa karan, a tattake shi a rami, a rufe ruf da leda har mako uku. Takin da akuyar maƙwabci ta lasa bara ta sheƙa lahira! Na ce, "Ke, saniyar ce gona?" Ta yi dariya. "Baba, ba zallar takin za ta ci ba. Tururinsa ne zai ratsa karan ya yi laushi, cikinta ya iya narkar da shi." Tana ta bayani, ni ma ina ta nawa, rabin maganarta ta bi iska. Na dai taya ta tattakawa, don in ga ƙarshen abin.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Auta ta koma makaranta. Na ɗora tafina kan ledar, na ji ɗumi. To wa ya hura wuta a ciki?

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na ɗaga gefen ledar. Kaɗan fa. Wani wari ya doke ni har hawaye. Uwar yara ta hango ni: "Malam, kuka kake?" Na ce ƙwaro ne ya faɗa mini a ido. Na mayar, na danne da ƙasa.

Talata, 25 ga Fabrairu

Mun buɗe. Karan ya rikiɗe ya yi ruwan ƙasa, ga laushi kamar an dafa. Gefen da na leƙa kuwa ya yi funfuna, na kwashe na binne. Na ɗebo mai kyaun nan take na zuba wa Fara a komi. Ta shinshina, ta yi atishawa, ta juya mini baya.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Yau ma ta ƙi. Ba zan kira Auta ba.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Ikon Allah! Na tarar da Fara ta zura wuya ta ƙarƙashin shinge tana kalen wanda ya zube a hanya ranar da muka buɗe ramin. Sabon da na zuba mata a komi kuwa ko kallo. Abu ɗaya ne fa. Na durƙusa, da gemuna da komai, na shinshina wannan na shinshina wancan. Na ƙasan babu wari, ya sha iska. Sai na baza runguma guda a inuwa. Da yamma na kai mata, ta cinye tas har tana lasar hannuna.

Na kira Auta in ba ta labarin abin da na gano. Ta ce, "Haba Baba! Ai na ce a bari ya sha iska, a kuma fara mata da kaɗan-kaɗan. Kana can kana labarin akuyar maƙwabci." Na ce layin ba ya da kyau.

Litinin, 31 ga Maris

Mahauci ya zo. Ya zagaya Fara, ya ga gashinta ya kwanta, kwiɓinta ya fara cikowa. Ya ce, "Malam, me kake ba ta?" Na ce kara. Ko zama bai yi ba. Uwar yara ma ta daina zancen sayarwa.

Na fara tona wani ramin, don dai in motsa jiki. Na kira Auta in ji awon takin da na ruwan, na ce maƙwabci ne ke tambaya. Ta ce, "To Baba, ka ce wa maƙwabcin ya yi shiru ya saurara wannan karon."

Na yi shiru har ta gama.