Bargon da Ke Cikin Adudunki

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, da fatan Allah ya haskaka makwancinki, ina neman izinin yin abin da ban taɓa yi ba kina raye: in yi miki magana kai tsaye, ba sai Goggo Ramatu ta shiga tsakani ba.

Ni ne ɗan fari, ke kuma Bafulatanar Beli ce, kunya a jininki take. Ban taɓa jin sunana a bakinki ba. In tuwo ya sauka sai ki ce wa ƙannena, "A kai wa wancan." In zazzaɓi ya kayar da ni, kina bakin murhu kina tambayar iska ko an ba mutane magani. Ban taɓa jin haushi ba, wallahi. Haka na ga ana yi a kowane gida.

Kin tuna rediyon Baffa, mahaifinmu, da na farke ina sakandare? Ya rantse sai ya zane ni. Da na harhaɗa ta ta kama magana tar, kika juya fuska bango kina dariya. Na ga kafaɗarki tana rawa, kuma na daɗe ina riƙe da wannan.

Hannun nan ne ya kai ni makarantar fasaha a Kano. Can aka yi mana jarrabawa, aka ɗauki mutum biyu, ni da abokina Habu ɗan garin Turawa. Za a tura mu ƙasar waje mu koyi ƙera na'urorin awo da ake ɗora wa tauraron ɗan'adam, waɗanda ke auna zafin ƙasa da tafiyar hadari daga can sama. Ni abin da ya tafi da hankalina ke nan, a ce ƙarfen da na ɗaure da hannuna ne zai hango wa manomi ruwa tun bai haɗo ba.

A daminar ce Baffa ya rasu. Gandu ya dawo kaina, ga ƙanne huɗu, ga shanu.

Na zo da takardar tafiyar da hantsi, na tarar kina ɓarar gyaɗa a tsakar gida, Goggo na gefenki. Na durƙusa ina fuskantar Goggo, na ɗaga murya don ki ji. Na faɗi inda za a kai ni, da shekarun da zan yi, da cewa ƙasar ƙanƙara ce. Na ce in an yarje mini zan tafi, in ba a yarje ba na haƙura.

Sai kika miƙe. Kika ɗauki faifanki kika shige ɗaki, kika saki labule. Goggo ta taɓe baki ta ce ai na gani da idona.

Kwana tara na yi ina jira. Ina kallon kwanon abincina ko zan ga wata alama, ina kasa kunne in kina magana da ƙannena. Shiru. Na ce a raina wace uwa ce za ta so babban ɗanta ya tsallake marayu, kuma ta yaya za ta iya furta min kar in tafi? Sai na sauƙaƙa miki. Na rubuta wa waɗanda suka ɗauke mu cewa ba ni da hali.

Habu ya tafi. Ni na kafa tebur a kasuwar Rogo, gyaran rediyo da kaset da injin ban ruwa. Yakan aiko min da hoto, yana sanye da fararen kaya har ka, gefen wani akwatin ƙarfe da za a harba sama. A wata wasiƙa ya ce wani ɗauri ya ba su wahala wata biyu, ya san da ina nan da yini ɗaya ya isa. Da alheri ya faɗa, amma ranar ban iya cin abinci ba. Inna, na ji ƙunci. Kullum in hau keke daga Beli zuwa Rogo, daga Rogo zuwa Beli, kamar saniyar da aka ɗaure a turke. Kuma, Allah ya yafe mini, na riƙe ki a zuciya shekara goma sha ɗaya.

Bayan sadakar arba'in ɗinki aka buɗe adudunki don rabon kaya. Can ƙasa, ƙarƙashin zannuwa, aka zaro bargo mai kauri, sabo fil, ko ninkinsa ba a taɓa warwarewa ba. Ana ta tambayar na wane ne, sai Baba Asabe dillaliya ta fashe da kuka. Ta ce ita kika aika Kano washegarin ranar da na kawo takarda. Ta ce kin ce mata, "A samo wanda ya fi kowanne kauri, wancan zai tafi inda ƙanƙara ke sauka."

Ashe shiga ɗaki kika yi don kar a ga farin cikinki a kan ɗan fari. Kina jiran in sa rana ki ba Goggo ta miƙa min, ni kuma ina jiran ki ce in tafi. Da kika ga na kafa tebur, kika ɗauka ni na fasa don kaina, kuma ba ki da bakin tambayata dalili.

Har yau ina kan teburin nan, idona ma ya fara gajiya da ƙananan wayoyi. 'Yata ta fari sunanta Hajara, kuma da ƙarfi nake kiranta a tsakar gida, Goggo tana ce min marar kunya. Na ji, na ɗauka.

Bargon yana wurina. Na gwada lulluɓa da shi sau ɗaya, ya fi ƙarfin sanyin garin nan, na mayar da shi yadda kika ninke.

Ki yafe min zargin da na yi miki. Allah ya jiƙanki da Baffa, ya yalwata kabarinki, ya haɗa mu a inda za ki dube ni ido da ido ki kira ni.

Naki har abada, wancan,
Isuhu