Kun Sauya Adireshin da 'Yata Ta Sani

Zuwa ga Alhaji Shugaban ƙungiyarmu ta zumunta, da 'yan kwamitinsa, da Injiniyan da aka ɗora wa kula da shafin ƙungiya na intanet.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Yau Talata, da hantsi nake wannan rubutu a ɗakina da ke unguwar New Bell, nan Douala. Ƙafafuna a kumbure suke tun farkon makon jiya, tarin da ruwan bana ya sa mini bai sake ni ba, hannun kuma yana rawa, don haka wanda zai buga takardar nan ya yi haƙuri da rubutuna. Hankalina dai ƙalau yake. Ina so a manna ta a ƙofar masallaci, a kuma tura ta a wayoyi, domin sau uku na yi maganar nan a asirce ba a ji ni ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Garba Tanko. Shekara talatin da ɗaya na yi ina rarraba wasiƙu a gidan waya. Matata ta rasu. 'Ya ɗaya ta rage mini, Rakiya, tana aure a wani ƙauye a Arewa maso Yamma, ɓangaren ƙasar nan na masu jin Ingilishi. Da rikici ya isa ƙauyensu mutane suka watse, wayarta ta daina shiga. A wannan shekarar ni ma ambaliya ta cinye ɗakina har da wayata, layin kuma ba da sunana aka yi rajistarsa ba, ya tafi ke nan. Ba ta san sabuwar lambata ba, ba ta san inda na koma ba.

Sai kuka buɗe shafin neman dangi, da Hausa. Ban manta wannan alherin ba, Alhaji. Kowa aka ba shi shafinsa da adireshinsa, a ƙasa kuma akwatin da mutum zai bar saƙo ba tare da ya faɗi ko wane ne ba. Ku da bakinku kuka hana mu sa lambar waya, kuka ce ana binciken wayoyi a shingayen hanya. Na bi umarninku. Na yayyanka littafin rubutu, na kwafi adireshin shafina da hannuna a kowace 'yar takarda, harafi bayan harafi, na ba Malam Bello, direban da ke kawo dankali da kabeji daga can zuwa kasuwar Sandaga. Duk tafiya yana raba su a masallatai da tashoshi. Bayan wata bakwai saƙo ya shigo. Na kwafe shi a bayan katin asibitina: "Baba, ina raye, ni da yaran. Ba ni da waya, aro na yi. Zan sake rubutowa a nan."

A nan ta ce. Ku riƙe wannan, domin ƙorafina duka a kansa yake.

Na ɗaya. Mako biyar da suka wuce kuka sabunta shafin, ba sanarwa, ba shawara. Na wayi gari na buɗe adireshina kamar kullum, sai farin allo da layi ɗaya na Faransanci, wai ba a sami wannan shafi ba. Na zaci hannuna ne ya yi kuskure, na sake bugawa har idona ya yi ruwa. Ranar da Malam Bello ya sauke kaya ya biyo, ya gwada a tasa wayar, haka ya gani. Ashe kun canza adireshin kowa. Inda da aka rubuta "neman-dangi" da lamba, yanzu an fara da alamar harshe, kalmomin sun koma Faransanci, lambar kuma an maye gurbinta da wani abu. Shafina yana nan a sabon wuri, da ƙyar na gano shi. Amma takardun da ke aljihun mutane a can, har da wadda ta isa hannun Rakiya, duk sun mutu rana ɗaya.

Na biyu. Sabon shafin ba ya tambayar mutum harshen da yake so. Yana duba wayarsa ya zaɓa masa, ko Faransanci ko Ingilishi. Hausa kuma an rubuta wai tana tafe. Rakiya tana karanta Faransanci, ni na sa ta makaranta, ba wannan ne abin ba. Ku yi tunanin mace da ta ari wayar wani a wurin da ake zargin kowa, ta buɗe shafi, ya fito da harshen da zai sa a tambaye ta da wa take magana. Hausa ba ta ɓangaren kowa a faɗan nan, shi ya sa mutanenmu suka amince da shafin. Kun cire ta, kun bar mu da harsuna biyun da ƙasa ke rabuwa a kansu. Wane ne a cikinku ya zauna ya ga wannan ya dace?

Na uku, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Akwatin saƙo yanzu ba ya buɗuwa sai mutum ya yi rajista da lambar waya, an turo masa lambobin shaida. Abin da kuka hana mu bayarwa jiya, shi kuka mai da mabuɗi yau. 'Yata ta faɗa ƙarara ba ta da waya. Saƙonta ma babu shi a sabon shafin. Ba don katin asibiti ba, da ba ni da shaidar cewa ta taɓa magana.

Na huɗu. Alhamis da ta wuce na hau tasi, na hau babur da waɗannan ƙafafun, na je ofishin Injiniya a unguwar Logbaba. Ya ba ni kujera da ruwa, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce manhajar da aka gina shafin da ita ce ta fito da sabon tsari, sai ya bi. Ya ce tsofaffin adireshin ba su da tsabta, sababbin sun fi kyau a ido. Ya ce fassarar Hausar tana cikin wani fayil da bai dace da sabon tsarin ba. Yana ta kira na Papa yana murmushi, kamar mai lallashin wanda ba zai gane ba.

Injiniya, na gane. Ban san aikinka ba, amma na san adireshi tun ba a haifi mahaifinka ba. A gidan waya, idan mutum ya tashi daga wuri, ba ma yaga wasiƙarsa. Akwai kati da muke sawa a tsohon akwatinsa, mu rubuta inda ya koma, duk abin da ya zo mu soke tsohon adireshi da jan biro mu tura gaba. Na taɓa bin wani ma'aikacin jirgin ƙasa da wasiƙar mahaifiyarsa tasha uku kafin ta same shi. Ma'aikacin da ya buga hatimin "ba a san shi ba" alhali katin yana nan, a gaban kowa ake tsayar da shi. Adireshi ba na mai gida ba ne shi kaɗai, na wanda ke nemansa ne. Na tambaye ka ko na'urarka za ta iya abin da muke yi da kati da jan biro, ka ce za ta iya, aikin yamma ɗaya ne, yana cikin jerin abubuwan da za ka yi. Yamma ɗaya. Ni kuma mako biyar ke nan ban sani ba ko 'yata ta ƙwanƙwasa ta tarar da bango. Idan ta gwada sau ɗaya ta ga babu, me za ta ɗauka game da tsoho mai shekaruna? Za ta sake roƙon wayar wani don ta nemi wanda take zaton an binne?

Ga abin da nake nema, Alhaji, kuma ba alfarma ba ce. A sa duk tsohon adireshi ya riƙa kai mutum sabon shafinsa, nawa da na kowa, cikin makon nan. A buɗe akwatin saƙo ba tare da lambar waya ba. A mayar da Hausa, ko da tsohuwar fassarar ce da kurakuranta, a kuma bar mutum ya zaɓi harshensa da kansa. A dawo da tsofaffin saƙonni inda suke. Idan na'urar tana ajiye tarihin waɗanda suka nemi tsohon adireshina a makonnin nan, a faɗa mini ko da sau nawa ne. Daga yau kuma kada a sake taɓa adireshin kowa sai an tara masu shi an tambaye su.

Injiniya ya yi alkawarin zuwa ɗakina yau bayan la'asar, ya gyara nawa a gabana. Idan ya zo, zan ƙara layi a ƙasa in wanke shi a bainar jama'a, kamar yadda na zarge shi.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, ya yi wa kwamiti jagora, ya sa wa Injiniya albarka a iliminsa, kada ya jarrabi ɗayanku da neman ɗansa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Garba Tanko,
New Bell, Douala.

Ƙari. An kira magariba. Na ari kujera a maƙwabta, na dafa shayi, ya huce. Injiniya bai zo ba, bai aiko ba. Malam Bello zai koma jibi, ya ce in ba shi takardu. Na yanka su, na ɗauki biro. Tsohon adireshin zan rubuta, domin shi Rakiya ta sani, shi kuma nake jira ku buɗe.